Daren da ɗana ya yi shiru muka ce sauƙi ne

Ɗana na fari ya rasu a watan Satumba na 2012, yana da shekara 2 da wata 4. Kwana uku ya yi yana ciwo, kuma a cikin ukun nan babu ranar da jikinsa bai nuna mana cewa a tafi likita ba. Mun ga alamun da idonmu, amma ba mu san abin da suke nufi ba. Na yarda da ƙaddara, kwanansa ne suka ƙare. Sai dai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma maganin ciwon ɗana yana nan Tawa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota.

A wani ƙauye na wajen Kalfu aka yi mini aure, shekara guda bayan na samu birbe, takardar gama ƙaramar sakandare. Maigidana kamar yawancin mazan Adar ɗan bida ne, Abijan yake, sai ya shekara bai zo ba. Ni da uwar mijina da ƙannensa muke gidan. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurinmu: ba ki faɗin sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban surukai kina lallashi, in ya faɗi ma kya kau da kai sai wani ya ɗaga shi. Al'ada ce da na tashi a cikinta kuma ina girmama ta, amma ita ta ɗaure mini baki a ranar da ya kamata in yi kururuwa.

Ranar Alhamis da la'asar jikinsa ya yi zafi. Damina ta yi kyau a shekarar, kududdufai sun cika, sauro kuwa ba a magana. Inna, uwar mijina, ta taɓa shi ta ce haƙori ne, turame ke fitowa. Aka sayo farasitamol wurin mai tallan magani, na ɓare rabi na ba shi, zafin ya sauka, har ya ɗan yi wasa. Yanzu na san farasitamol ba ya taɓa ƙwayar palu, wato masassarar cizon sauro, ko kaɗan. Zafin kawai yake saukarwa, ƙwayar na can cikin jini tana shiga jajayen ƙwayoyin jinin tana farfasa su. Shi ya sa duk yaron da ya yi masassara a ƙasarmu, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, a yi masa gwajin jini a ranar, kada a kwana. Ɗigo ɗaya ne daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. In palu ne mai sauƙi, magani na kwana uku ne, sau biyu a rana, sau shida ke nan, kuma a ƙarasa shi ko da yaro ya miƙe a rana ta biyu. In ya amayar kafin rabin awa a sake ba shi. Da ranar Alhamis ɗin muka je, abin da za a ba mu ke nan.

Ranar Juma'a ya ƙi kunu. Na ba shi ruwa, ya dawo da shi. Na sake, ya sake. Da na je wanke shi na ga fitsarinsa ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, tafin hannunsa kuma ya yi fari fat. Na kalli nawa na kalli nasa, gabana ya faɗi. Na je ƙofar ɗakin Inna na durƙusa na ce, "Inna, yaron nan fa ba ya riƙe ko ruwa." Ta ce, "Ɗiyata, ke yarinya ce, ba ki saba ba. Bari ƙanin mijinki ya dawo daga gona a ji ta bakin yayansa." Ba mugunta ta yi ba, jikanta ne, ta fi ni nuna masa so a fili. Haka ita ma aka yi mata. Da dare aka samu maigida a salula, layin na yankewa, ya ce a bari zuwa Lahadi, ranar kasuwar Tawa, mota ta fi samuwa kuma kafin nan ya aiko da kuɗi.

A daren nan kukan ya tsaya. Kwana biyu yana ƙananan koke-koke, sai ga shi ya yi lamo, ido rabi a buɗe. Inna ta leƙo ta ce alhamdu lillahi, ya samu barci, sauƙi ya zo. Ni ma na ce alhamdu lillahi. Na kwanta kusa da shi na yi barcin da ban yi ba tun Alhamis. Wannan barcin nawa shi ne abin da na fi daɗewa ina kuka a kansa.

Bayan rasuwarsa na koma karatu, na yi makarantar ma'aikatan lafiya, kuma shekaru ke nan ina aiki a ɓangaren yara a nan Tawa. Abu na farko da aka koya mana a kan yaro mara lafiya alamu huɗu ne, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk yaron da ke ƙasa da shekara 5 da ya nuna ko guda ɗaya a cikinsu, a garzaya da shi: ya kasa shan nono ko ruwa, yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa yadda ya saba. Ina zaune a aji ina lissafi da yatsa. Biyu ɗana ya nuna tun Juma'a da hantsi, ta uku da dare, ta huɗu da asubar Asabar. Na fita waje na jingina da bango.

Barcin sauƙi da barcin haɗari ana rarrabe su, kuma ba sai an yi karatu ba. Yaron da ya samu sauƙi in kika kira shi ko kika tafa hannu zai buɗe ido ya dube ki, ya bi ki da kallo, ya yi ƙorafin an tashe shi. Wanda ciwo ya ci ƙarfinsa kuwa ko ya buɗe idon ba ke yake kallo ba, in kika ɗaga hannunsa kika saki sai ya faɗi kamar tsumma, in kika sa masa nono ba ya kamawa. Uwa ta tashi yaronta mai masassara sau biyu ko uku cikin dare ta gwada shi haka. Gara ya yi miki kuka.

Da asubar Asabar jikinsa ya sandare, idanu suka juye, hannu da ƙafa na karkarwa. Gida ya cika da mata. Aka ce iska ce ta taɓa shi, aka kawo garwashi aka zuba turare, wata ta cusa masa cokali a baki don kada ya ciji harshe, aka wanko rubutu aka ɗura masa yana kwance bai san inda yake ba. Na ji ya sarƙe, ƙirjinsa na ƙara. Duk wanda ya yi wani abu a ɗakin nan da niyyar taimako ya yi, amma kusan duk abin da aka yi ƙara masa wahala ya yi. Yaron da ke jijjiga ba a sa masa komai a baki, ko ruwa, ko magani, ko cokali, ko yatsa, don ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura huhu yake tafiya. Hayaƙi kuma yana rage masa iskar da da ma ba ta ishe shi ba. A kwantar da shi a gefensa a ƙasa, a kawar da abin da zai buge shi, a sassauta masa riga, a bar miyau ya zubo waje, a duba agogo. Yawanci tana tsayawa cikin minti biyu ko uku. Ko ta tsaya a tafi likita, in kuwa ta wuce minti 5 ko ta dawo, a kama hanya tana cikin yi, yana kwance a gefensa a cinyar mai riƙonsa. Addu'a ba ta hana tafiya, a tofa masa a kan hanya.

Mu sai bayan azahar muka ɗaura amalanke. An yi ruwa da dare, ƙorama ta kawo, muka tsaya jiran ta janye. A likitar karkara suka yi masa allura suka ce jininsa ya ƙare, sai Tawa. Mun iso ana kiran magariba. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta buɗe fatar idonsa ta ƙasa, ta dubi tafin hannunsa, ta tambaye ni, "Malama, tun yaushe ya daina sha?" Na ce tun jiya da safe. Ba ta ce mini komai ba, ta ruga neman jini. Ƙarfin jinin lafiyayyen yaro 11 ne zuwa sama, nasa bai kai 4 ba. An samu jinin, an ɗaura, bai kai rabin leda ba Allah ya karɓi abinsa.

Tambayar nan tata ni nake yi wa iyaye yanzu, kuma amsar da nake ji ba ta cika bambanta da tawa ba.

Palu ba shi kaɗai ke kashe yara da gaggawa ba. Da sanyi ya shigo, hunturu ya taso da ƙura, ciwon huhu ne ke cika mana gadaje. Tari da majina kowane yaro na yi, yawanci kuma su wuce da kansu. Numfashi ake dubawa. A ɗage rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, ba yana kuka ko shan nono ba, a sa agogon salula, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga cikin minti ɗaya cikakke. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara guda, 50. Daga shekara guda zuwa 5, 40. In lissafin ya kai haka a sake ƙirgawa, in ya tabbata a kai shi a ranar. Akwai kuma wadda ta fi wannan tsanani: lokacin da yaro ya ja numfashi, maimakon ƙirji ya buɗe sai ƙasan haƙarƙarinsa ya lotsa ciki, kowane ja sai ya lotsa. Ko ka ji wata ƙara mai kaushi a maƙogwaro in yana jan iska, ko yana nishi a kowane numfashi, ko leɓe da harshe sun yi duhu. Wannan yaron iskar oksijan yake bukata, babu siro ɗin tari da zai yi masa amfani, babu kuma dalilin kai shi wurin wanzami a cire hakin wuya. Na sha karɓar yaran da aka yi wa haka suna cikin ciwo, ga ciwon farko bai tafi ba, ga zubar jini, ga ƙin cin abinci saboda raunin maƙogwaro.

Zawo kuma ruwan jiki yake kwashewa, kuma ƙaramin yaro ba shi da ajiya. In maɗigar jariri ta faɗa, mutanenmu kan ce ciwon kai ne ya kama shi, a shafa magani a maɗigar. Faɗawar nan ƙishirwa ce ta jiki duka. A haɗa ta da idanu da suka zurma, da kuka babu hawaye, da fitsarin da ya ɗauke. A tsunkuli fatar cikinsa a ɗaga a saki: ta lafiya nan take take komawa, in ta tsaya a tattare fiye da daƙiƙa 2 ruwa ya ƙare sosai. Garin nan na gishiri da sukari da ake bayarwa a likita, SRO, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake damawa, wato ledar ruwan sha biyu masu rabin lita. Kada a rage ruwan don ya yi ƙarfi, gishirin zai yi yawa ya cutar. Bayan kowane zawo, ɗan ƙasa da shekara 2 a ba shi mililita 50 zuwa 100, wanda ya fi haka 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a dama sabo. A haɗa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata 6 ba, kuma nono kada a tsayar. Amma in akwai jini a kashin, ko yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi, lokacin cokali ya wuce, ƙarin ruwa ta jijiya yake so.

Jariri sabon haihuwa shi na fi jin tsoro, don ba ya nuna ciwo da ƙarfi, kuma daidai lokacin ne uwa ke cikin wankan jego, ba a son ta fita kafin arba'in. Jaririn da bai cika wata 2 ba, ba a yi masa maganin gida ko kaɗan. In ya saki nono bayan da yana kamawa, in zafinsa a hammata ya kai 37.5, in ya yi sanyi ƙasa da 35.5, in ba ya motsi sai an taɓa shi, in cibiya ta yi ja tana ruwa har jan ya bazu a fatar ciki, in ya yi rawaya tun ranar haihuwa ko rawayar ta sauka tafin hannu da na ƙafa, a tafi, ko ranar suna ce. Sanyin jiki a wurin jariri alamar ciwo ce kamar zafi. A kan hanya a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula.

Da bazara, daga sanyi zuwa faɗuwar ruwan farko, sanƙarau ake tsoro. Waɗanda suka ga 2015 ba su manta ba, shekarar da ya yi ɓarna har aka rufe makarantu a Yamai. Masassara da ciwon kai mai tsanani, wuya ya ƙage yaro ba ya iya sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, haske na damunsa. A jariri wuyan ba lalle ya ƙage ba, maɗiga ce ke kumbura ta yi tauri ko yana zaune shiru. Wannan ciwo cikin yini guda yake iya gamawa da yaro, wanda ya tsira a makare kuma sau da yawa kurumta ta biyo baya.

Yaron da tamowa ta kama, kowane ciwo ya fi saurin kayar da shi, kuma jikinsa ba ya ma iya yin zafi sosai, sai a ɗauka da sauƙi. Igiyar awon dantse da ake raba wa uwaye, in ta nuna ja, ƙasa da milimita 115 ke nan. A danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa daƙiƙa 3, in rami ya zauna a duka biyun kumburin tamowa ne, ba ƙiba ba. Irin wannan yaro in ya ƙi cin ko da abincin gyaɗar nan da ake ba su, kwantarwa ake yi. Haka yaron da ya sha kananzir ko fetur daga cikin buta: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, aman ne ke kai man cikin huhu, a kawo shi kawai tare da butar.

Duk wannan ana iya koya wa mace cikin zama ɗaya a gindin bedi. Abin da na gani a shekarun nan shi ne yawancin uwayen da ke zuwa a makare sun ga alamar da wuri, kamar yadda na gani ranar Juma'a. Izini suka tsaya jira, ko kuɗin mota, ko gari ya waye. Don haka maganata ta fi zuwa ga maza, musamman ƴan uwana masu tafiya bida. Kafin ka ɗauki jaka, ka tara matarka da mahaifiyarka wuri ɗaya, ka faɗa da bakinka kowa na ji: in yaro ya kasa sha, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi, ko numfashinsa ya canza, ta tafi da shi ba sai an kira ni ba. Ka bar jika biyar ko goma da ba a taɓawa ko don biki. Ka yi magana da mai kabu-kabu ko mai mota ɗaya a garin wanda zai ɗaga waya da tsakar dare, a ajiye lambarsa. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a likitocin gwamnati. Gaskiya ne wani lokaci magani kan yanke a rubuta maka ka sayo, amma gwaji da allurar farko da ke riƙe ran yaro sun fi samuwa ga wanda ya iso da wuri.

In za a tafi a ɗauki karnen yaro, wato littafinsa na likita, da kwalin duk maganin da aka ba shi, har na gargajiya a faɗa, ba don a yi faɗa ba, don a san abin da ke cikinsa. A tafi da babban mutum mai lafiya wanda zai iya ba da jini, don da damina jini na ƙaranci. In yaron na iya haɗiya a ba shi nono a hanya, ko ruwan sukari, ƙaramin cokali 4 a kofi mai mililita 200, saboda palu mai tsanani na kayar da sukarin jini, wannan kaɗai kuma na iya sa suma. Inda tafiya ke da nisa, a fara tsayawa ƙaramar likitar da ta fi kusa: akwai maganin palu na matsi ta dubura da ake sa wa yara ƴan ƙasa da shekara 6 don ya riƙe su kafin a isa. Riƙewa kawai yake yi, ko yaro ya buɗe ido bayan an sa a ci gaba da tafiya, allurai na jiransa a gaba.

Shekara guda bayan rasuwar ɗana, a 2013, aka fara rabon maganin rigakafin palu na damina a Nijar, wanda ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata. Na farko a gaban masu rabo ake sha, na kwana biyun da suka rage uwa ke bayarwa, kuma nan ake yawan sakaci. Yana rage ciwon ƙwarai, shi da kwana cikin sange, amma yaron da ya sha ma in ya yi masassara a gwada shi.

Ni da Inna ba mu taɓa zama mun yi maganar kwana ukun nan ba. Na daɗe ina jin nauyinta a zuciyata, ita ma na san tana jin nawa. Allah ya ba ni ɗiya mace bayan shekara uku. Wata damina, tana da wata 10, na dawo daga aikin dare na tarar ba kowa a gida. Maƙwabciya ta ce tun ƙarfe uku Inna ta ga numfashin yarinyar ya yi sauri, ƙasan ƙirjinta na shiga ciki, ta goya ta, ta buga wa mai kabu-kabu ƙofa da kanta, tsohuwar da ba ta taɓa hawa babur ba. Mun yi saɓani a hanya. Na same su a ɗakin da nake aiki, an sa wa yarinyar robar iska a hanci, Inna na zaune a ƙasa riƙe da ƙafarta. Da ta gan ni ta ce, "Ɗiyata, ban jira kowa ba." Na durƙusa na ce, "Na gode, Inna." Kwana biyar muka yi aka sallame mu. Yarinyar tana lekol yanzu, a ɗakin kakarta take kwana.